Jirgin Korar Jan-baki a Gonar Autarmu

Sana'ata ƙera amalanke. Tun ina saurayi nake yanka ƙarfe da katako a bakin hanyar da ta fita Gumel ta nufi Maigatari, kuma wanda ya sayi amalankena ba ya dawowa da ƙorafi. Abin da hannuna ya sani shi ne, in kana son abu ya daɗe, ka ba shi kauri, ka ba shi nauyi. Karatuna bai wuce firamare ba. Da wannan hannu na shiga haɗa jirgin sama na rimot, gemuna ya riga ya yi fari.

Ƙanwata ce dalili, autarmu, wadda ke zaune a wani ƙauye gaba da Ɗanzomo. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure, namijin yana kudu yana neman na kansa. Gona ɗaya ta rage mata, ta gero, kusa da wani tafki mai itatuwan ƙaya inda jan-baki ke kwana. Wanda bai san jan-baki ba zai raina shi, don tsuntsu ne ɗan mitsitsi. Amma in suka taso sai ka ce hayaƙi, in suka sauka a kan gero yana madara, kafin rana ta take sun bar maka zangarniya fayau. Daminar da ta gabata haka suka yi mata. Dangi suka yanke cewa in bana ma aka maimaita, ta tattara ta dawo gidana a Gumel. Ni ɗaki a shirye yake. Ita kuwa cewa ta yi, "Yaya, a ɗakin nan na haifi 'ya'yana, daga nan aka ɗauki ubansu. In rumbuna ya sami abin da zai kai ni wata damina, ba inda za ni."

Yadda ake tsaron tsuntsu a wajensu tsohon abu ne. Ana kafa sanduna dogaye a kewaye da tsakiyar gona, a ɗaura igiyoyi sama da kan gero, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Duk igiyoyin suna haɗuwa a wata rumfa mai tsawo. Mai tsaro ya hau, ya yi ta ja yana ihu daga fitowar rana har faɗuwarta. Autarmu da kanta take hawa. Na taɓa zuwa na tarar muryarta ta dishe, tafin hannunta ya yi kanta, abin ya tsaya mini a rai.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, sa'ana ne, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa. A da gyaran rediyo yake yi, yanzu ya koma waya da fitilar sola. A rumfarsa na ga wani bidiyo a waya: mutum a tsaye a fili, rimot a hannu, ɗan jirgi yana shawagi bisa kansa kamar shirwa. Nan take gonar Auta ta faɗo mini.

"Kai bawa, in aka yi wa wannan fentin shirwa, jan-baki zai tsaya?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wa zai ƙera? Kai? Ai jirginka sai an ɗaura masa shanu."

Amma shi ma abin ya ja shi. Ya nemo wani mai sayar da kayan a Kano, wanda ke ba direba saƙo ya kawo tasha. Muka zauna zaɓen kaya a hoto. Akwai inji da farfela, da batir, da rimot da risibarsa mai karɓar umarni a jikin jirgi, da wani ɗan abu mai wayoyi da ke auna wa injin wuta, da 'yan ƙananan injina kamar akwatin ashana masu jan jela sama da ƙasa, dama da hagu. Mai kayan ya aiko da murya ya ce ɗan koyo ya ɗauki ƙaramin inji da ƙaramin batir, ya yi jirgi marar nauyi, fiffike a sama, mai tafiya a hankali. Jikin kuma a yi shi da farin abin nan da ake tokare firji a cikin kwali, wanda taubashina ke kira fom.

Na ce ban yarda ba. Abin da yaro zai murƙushe da hannu ɗaya shi zan aika sama? Na sa yatsa a kan injin da ya fi girma da batirin da ya fi kauri.

"Mutumin ya ce ƙarami," in ji taubashina.

"Shi gona ya taɓa tsaro? Iskar ƙarshen damina ba ta wasa."

"To, uban ƙarfi. Allah Ya sa kada mu ji ka a Nijar."

Na ƙera shi da falanki da siririn ƙarfe, na goge, na yi masa fenti ruwan ƙasa da zanen gashin shirwa. Kyau kam ya yi kyau. Muka kai shi wani fili a bayan gari. Na murza rimot, injin ya yi ƙara kamar zai tsaga kunne, taubashina ya cilla shi. Bai yi nisan jifa ba ya kifa hanci a ƙasa, farfela ta karye, fiffike ya tsage, batirin ya yi tsalle gefe. Taubashina ya durƙusa yana dariya har da hawaye, ya ce, "Bawa, wannan ai garma ka ƙera. Dubi kunyar da ya yi." Ni ban yi dariya ba. Ran nan da safe Auta ta aiko cewa gero ya yi ciki.

Daga nan kwanciyar hankali ta ƙaurace mini. In ina walda, gero nake gani. In na ga gungun tsuntsaye sun gilma, ko da tattabaru ne, sai in tsaya ina bin su da ido. Na riga na faɗa wa Auta cewa bana za ta huta da igiya, na faɗa a gaban mutane. Na sauke kai na ce a aiko da ƙaramin injin da ƙananan batira biyu. Kullum sai na leƙa tasha, direba ya ce bai zo da komai ba. Da saƙon ya iso, na bi shagunan masu sayar da firji ina roƙon fom kamar mai neman magani.

Aiki da fom ya wahalar da ni fiye da ƙarfe. Hannuna ya saba dannawa, shi kuwa ba ya son a danna. Gam na farko da na shafa ya cinye shi, ya bar rami. Sai da na koyi yanka da reza a hankali, ina riƙe numfashi. Duk inda na ga siriri sai zuciyata ta ce ƙara masa katako, taubashina ya buge mini hannu. Da muka gama, ya ce in ɗora fiffiken a kan yatsu biyu in ga ko zai zauna daidai, hanci ya ɗan rinjaya kaɗan. Wannan kam na gane shi, don haka ake loda amalanke a kan taya. Na yi ta matsar da batir gaba da baya har ya zauna.

Ya tashi. Wallahi ya bar hannun taubashina ya ɗaga sama. Tuƙin ma wani karatu ne. In yana tafiya gaba, dama dama ce. In ya juyo yana fuskantarka, sai komai ya birkice, ka ce dama ya yi hagu. Sau da yawa na dasa shi a cikin sabara, muka liƙe da gam. Daga baya na koma juya masa baya ina leƙensa ta kafaɗa, taubashina yana cewa na yi kama da mai fushi da surukinsa.

Akwai abu ɗaya da na gani ƙarara na kau da kai. Batirin ba ya daɗewa. Kafin mutum ya shanye kofin shayi mai zafi, injin ya fara sanyi. Taubashina ya ce, "Bawa, tsuntsun nan fa yini yake yi." Na ce ai muna da batir na biyu, kuma in suka ga shirwa sau ɗaya ba za su dawo ba. Ban san haka ba. So nake ya zama haka.

Da gero ya fara madara na ɗaure jirgin a bayan babur na tafi, ni kaɗai, don taubashina ba zai rufe rumfa ba. Ya ja mini kunne kada in bar batir a rana. Na isa da la'asar na zaga gonar. Igiyoyin Auta sun rufe sama kamar saƙar gizo-gizo. Ni kuma a fili na koya, ban iya tashi sama sosai ba, na san in na sake shi a nan zai sarƙe.

"Auta, sai an kwance igiyoyin nan."

Ta dubi gwangwanayen. "Duka, Yaya?"

"Duka. Hanya yake so."

"Ko a bar na gefen tafki? Ta nan suke shigowa."

"Ta nan ɗin nake son bi da shi."

Tun da babanmu ya rasu ni ne ubanta, ba ta taɓa musa mini a fuska ba. Ta ce, "To, in ka ce." Muka kwance su, aikin da ta yi kwana da kwanaki tana ɗaurawa. Ta naɗe kowace igiya daban ta jera a gindin rumfa, ba ta kai su gida ba. Na lura da haka.

Washegari gari na wayewa muna bakin gona. Muka ji su kafin mu gan su, wani irin ƙugi daga wajen tafki. Suka taso baƙi ƙirin. Na cilla jirgin, na nufe su da shi. Suka dare gida biyu, suka yi sama, suka koma ƙaya. Auta ta saki guɗa, abin da rabona da ji daga bakinta tun auren 'yarta ta ƙarshe. Suka sake tasowa, na sake kora. Na ji kamar in yi kuka don daɗi.

Sai injin ya fara sanyi. Na sauke shi da ƙyar a kan hanya. Na sa batir na biyu, na tashi, na kora, shi ma ya ƙare. Na ruga da batiran biyu gidan mai unguwa, inda ake cajin waya da sola, aka ce sai an jira. Kafin in dawo, jan-baki sun sauka a gefen tafki. Ba igiya, ba gwangwani. Auta tana gudu cikin gero tana buga tsohon kwano da sanda, muryarta ba ta kai ko'ina. In ta kore su nan, su sauka can. Na cire hula ina kaɗawa ina ihu, ƙirjina kamar zai fashe.

Da hantsi na koma na karɓo batir ɗaya da ya cika. Cikin ruɗewa na ajiye shi a rana a kan tankin babur na shiga kora da ƙafa. Da na tuna na dawo, ya kumbura kamar ƙosai, ba ya taɓuwa don zafi. Na kira taubashina. Bai yi mini ba'a ba, wannan ne ya ƙara tsorata ni. Ya ce, "Kada ka sa shi. Kai shi nesa da gero, ka ajiye a kan yashi. Ku mayar da igiya."

Na sami Auta a gindin rumfa, ta riga ta ɗauki igiya ta farko. Ba ta dube ni ba, ta miƙo mini bakin igiyar ta ce, "Kama nan, Yaya, ka fi ni tsawo." Da yake ta naɗe su daban-daban, ba mu sha wahalar warwara ba. Maƙwabta biyu suka bar nasu tsaron suka taya mu. Muna ɗaurawa tsuntsaye suna ci a gefenmu, ina jin ƙarar bakinsu a kan zangarniya. Sai bayan azahar gwangwani na farko ya yi ƙara. Gefen tafki kuwa ya riga ya tafi, kuma nan ne geron ya fi kyau.

Ban koma Gumel ba. Na aika a gaya wa masu jiran amalanke su yi haƙuri. Na hau rumfar nan na karɓi igiya, ita tana karɓata in na sauka salla. Kowace safiya ina kallon abin da ya rage ina aunawa da ido, ko zai kai ta, ko ba zai kai ba. Jirgin kuma sai na koma tashinsa daga kan hanya, a wajen igiyoyi, da sassafe lokacin da suka fi yawa, da batirin da ya rage. Ya taimaka a kwanakin farko. Daga baya suka gane shirwar ba ta cin kowa, sai su ɗan matsa su ba ta hanya.

Da aka yi girbi aka ɗaure dammuna, na tsaya a bakin rumbu ana zubawa. Bai cika ba. Auta ta leƙa, ta zura hannu, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce in ta haɗa da waken da ta shuka a tsakani, ta riƙa sirkawa, zai kai ta. Na ce zan aiko da dawa. Ta ce, "Aiko, ba zan ƙi ba. Amma ka gaya wa dangi ina nan."

Na ɗaure jirgin a bayan babur zan tafi, ta zo ta shafa fiffiken inda muka liƙe. "Ya tashi dai, Yaya, na gani da idona," in ji ta. "Baɗi in za ka zo, ka taho mini da sabuwar igiya. Ta gefen tafki ta fara ruɓewa."