Ranar da Shabana Ta Kaɗa Kai

Ina da shekara tara wasu mutanen Indiya suka tare a gidan da ke jikin namu a unguwar Aƙiƙ, can ƙasar Larabawa inda aka haife mu. Maigidan yana aikin ɗaukar kaya a filin jirgi. Matarsa Shabana ba ta jin Larabci sai gaisuwa, ga 'yarsu Nasrin, sa'ata.

Da yayata ta haihu, Umma ta shiga da kanta gayyatar Shabana suna. Ta dawo rai a ɓace, ko ranar sunan ba ta tsaya faɗa mata ba.

"Ina magana tana kaɗa mini kai, har da murmushi! Ta ƙi ke nan."

Aka yi suna babu su, ni ma na daina kula Nasrin.

Lokacin sanyi ne. Bayan magariba kakarmu, wadda muke kira Sitti, takan hura gawayi a saman bene ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Ita tana Hausa, mu muna amsawa da Larabci. Har yau ina jin ƙamshin ganyen na'anar da take sa wa shayin nan.

"Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya," in ji ta wani dare, ta fara mana tatsuniya.

Wai zalɓe ne ya sauka garin zabi, ya tsaya bakin rafi da ƙafa ɗaya. Zabi suka ce, "Ku ga mai girman kai, ƙyamar ƙasarmu yake yi." Ba wanda ya kai masa ko ƙwayar gero. Kwana uku yana tsaye, ƙafar na rawa, sai wata tsohuwar zabuwa ta je ta tambaye shi dalili. Ya ce, "A garinmu baƙo ba ya sauke ƙafa ta biyu sai masu gida sun ce bismilla. Ku nake jira."

"Leish, me ya sa ba su tambaye shi tun farko ba, ya Sitti?" na ce.

"Ke kin tambayi 'yar maƙwabta?" Ta juya shayinta. "Da iyayena suka iso garin nan daga Kano, durƙusawa suke yi su gaida manya. Aka yi ta musu dariya, wai me suka yar a ƙasa."

Washegari ta sa mayafi, ta riƙe hannuna, muka shiga gidan. Nasrin ce ta yi tafinta da Larabcinta na makaranta. Ashe a wajensu kaɗa kai irin wannan "to, na yarda" ne. Shabana ta ɗauko 'yar rigar da ta ɗinka wa jaririyar tana jiran a faɗa mata rana, har ta ji hayaniyar suna ta katanga. Tana miƙa wa Sitti rigar ta fashe da kuka. Da Umma ta ji, kunya ta hana ta cin abinci, da yamma ta je ban haƙuri.

Shekara goma sha ɗaya muka yi tare. Sun koyi cin tuwo, mun koyi jure yajinsu.

Sai bara, muna waya, Nasrin ta gaya mini cewa a makon sunan nan mahaifiyarta ta roƙi babanta ya mayar da su gida, ta ce ba a son su a unguwar. Har ta fara haɗa kaya.

Da ina ɗauka Sitti raba gardama kawai ta yi. Ashe iyali guda ta tsayar a bakin ƙofa, ba ta kuma sani ba har ta koma ga Allah. Allah Ya haskaka kabarinta.