Tambayar da Na Yi Mata a Tsakar Gida

Da ana farke abin da ya wuce kamar yadda tela ke farke ɗinkin da ya karkace, akwai wanda zan zauna in farke zare-zare. Tambaya ce na yi wa mai ɗakina a tsakar gida, a gaban mutane, alhali na san ba za ta iya ba ni amsar da ke ranta ba. Da wannan tambaya na raba ta da ɗiyarta ta fari. Ban doke ta ba, ban ɗaga murya ba. Har albarka aka sa mini ranar.

Abin ya faru a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, zaɓen farko da na gani da wayona. Ina ɗinki a zauren gidan da muke haya a Ƙofar Kwaya, da keken ɗinki na ƙafa. Aiki ya yi mana yawa a lokacin. Kowace jam'iyya tana son tuta da riguna iri ɗaya, kuma bayan an gama zaɓe waɗanda suka ci suka shiga ɗinkin bikin rantsuwa. Ni ba ruwana da wanda ya ci. Duk wanda ya kawo yadi na ɗinka masa.

A cikin gida kuwa wani aikin ake yi wanda ba na lissafa shi cikin aiki. Mai ɗakina ta samu ciki tana goyo, yarinyar ba ta ma fara tafiya sosai ba. Matan gidan hayar suka sa ta gaba da tsiya. Idan ta fito shara sai wata ta ce, “Sannu mai sauri, ko kasuwa za ki kai su?” Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Mu biyu muka jawo abin, ita kaɗai aka yi wa dariya. Dole aka yaye yarinyar da wuri. An shafa wa nono maɗaci, ta kama ta saki, ta dubi uwarta kamar an yi mata ƙarya. Daga ranar ta koma bin zanen uwar duk inda ta sa ƙafa.

Da kaka ta kama aka haifi namiji. Surukata ta zo daga ƙauye, ta zauna har aka yi suna, ta koma saboda gero yana gona ba mai tattarawa. Ta bar wankan jego a hannun tsohuwar da ke da gidan, wadda duk muke kira Iya.

Na ga wahalar nan da idona, ba labari aka ba ni ba. Kafin in dawo masallacin asuba mai ɗakina ta hura wuta ƙarƙashin garwa, domin Iya ba ta iya ɗaukar itace. Ruwa ya tafasa, a jefa ganyen bedi, wato darbejiya, su shiga bayan gida, Iya tana fyaɗa mata shi har fatarta ta yi ja. Tana fitowa jaririn yana kuka. Ta zauna ba shi nono, babbar ta zo ta tura kanta ƙarƙashin hammata tana neman ɗayan. A ture ta, ta kwanta a ƙasa tana birgima. Kunun kanwar da aka dama wa mai jego ya huce a kwano, ƙuda na bi. Ga tsummokaran jariri a jiƙe, ga wandon babbar da ta ɓata, ga tuwona na rana wanda ban taɓa cewa a fasa ba. Da la'asar a sake hura wuta, a sake wankan. Na sha ganinta zaune a bakin murhu, muciya a hannu, barci ya kwashe ta. Sai in yi gyaran murya in ce tuwo zai kama.

Ba kullum kuka ba ne. Yarinyar ta samu wani tsohon takalmina ta mai da shi jaririnta. Ta goya shi da ƙyallen da ta kwaso a zaure, tana jijjiga shi tana cewa “shiii”. Wata rana aka kama ta tana tura wa ƙanenta lomar tuwo a baki, wai yunwa yake ji. Iya ta yi salati, matan gida suka yi ta dariya. Uwar kuwa ta ɗauke kai, ta ce, “A janye wannan daga nan.”

Haka take kiranta, “wannan”, ko “yarinyar nan”. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa. Kunya ce, kuma ana yabon mace da ita. Mai ɗakina ta riƙe wannan kunya fiye da kowa a gidan. Iya takan nuna ta ga sauran ta ce, “Ku dubi ɗiyar mutane, ba irinku masu lasar ’ya’ya kamar akuya ba.”

Da iyakar abin da na sani ke nan, da ina da abin fakewa. To amma na ga wani abu.

Wata ranar matan gidan sun tafi barka a maƙwabta, har da Iya. Na shiga cikin gida neman garwashi don dutsen guga. Ban yi sallama ba saboda kada in ta da jariri. Daga bakin zaure na hango su a inuwar katanga. Jaririn yana kan tabarma yana barci. Mai ɗakina kuwa ta ɗora babbar a cinya, ta rungume ta, tana sansanar wuyanta kamar mai jin ƙishirwa. Tana kiran sunanta. Sunan da ban taɓa ji a bakinta ba, tana maimaita shi a hankali, tana ja masa wasali, yarinyar tana ƙyalƙyala dariya tana kama mata hanci. Ta ɗauko kunun kanwarta, ta sha kurɓi ɗaya, ta ba yarinyar ɗaya. Fuskarta duk gajiyar nan ta sauka. Na koma zaure da baya, na bar gugar sai yamma.

Saboda haka na sani.

A makon ne abubuwa biyu suka faru. Na farko, yarinyar ta shigo zaure da kofin kunu, ta kifar da shi a kan wata farar babbar riga da na gama wa wani ɗan siyasa. Mutumin ya zo ya wanke ni tas a gaban masu zaman hira. Na biyu, da safe ana sauke garwar wanka, ta sheƙo da gudu ta rungume ƙafar uwarta. Ruwan ya fallatsa, Allah ya tsare, ɗan kaɗan ya taɓa mata dunduniya. Uwar ce ta ƙone a hannu, don ta tare garwar da shi.

Ina da yaya mace a Ƙofar Kaura, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta daɗe da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun ranar suna take ce mini, “Ka ba ni ’yar nan in rage wa uwarta wahala.” Ina ta cewa to, sai an ga. Ranar da ruwan ya zube na aika mata ta zo.

Ga gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba. Maganar ruwan zafi ita na riƙe a baki, amma rigar nan ce a raina. Na gaji da kuka, na gaji da tsare allura da almakashi, ina son zaurena ya koma shiru. Kuma ina son in faranta wa Yaya. Na san idan na tambayi mai ɗakina a ɗaki, mu biyu, za ta yi shiru ta fara hawaye, ni kuma ba zan iya ba. Sai na jira.

Yaya ta zo bayan la'asar. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, aka gaisa, aka tambayi mai jiki da ruwa ya ƙona, aka tambayi jariri. Iya tana nan, matan gida suna nan, kowa da abin da take yi a hannu amma kunne yana wurinmu. Mai ɗakina tana bakin ƙofa da jariri a cinya, hannunta naɗe da tsumma. Yarinyar tana jingine da bayanta.

Na ce, “Yaya ta ce za ta tafi da yarinyar nan, ki samu ki huta har ki yi arba'in. Mi kika gani?”

Ba ta ɗago ba. Ta gyara wa jariri hula, hular da ba ta karkace ba.

Iya ta ce, “Kai Malam, wa ke tambayar uwa maganar ɗan fari? Ai ba ta da baki a nan.”

Na ce, “A'a Iya, gara dai a ji ta bakinta.” Kun ji ƙarshen munafunci.

Yaya ta ce, “Ke ƙanwata, in ba ki so ki faɗi, wallahi ba komai.”

Mai ɗakina ta ce, “Ni mi ne nawa a ciki, Yaya? Ai ɗiyarku ce.”

Matan suka ce madalla. Iya ta ce Allah ya yi mata albarka, ya yi mini, da na tausaya wa iyalina. Iya da kanta ta tashi ta haɗa kayan yarinyar a ɗankwali: riguna, ɗan kofinta, da takalmin nan nawa. Yaya ta goya ta. Yarinyar ta ɗauka yawo za a kai ta, har tana ɗaga hannu. Uwar ba ta raka su ko zaure ba. Ta shiga bayan gida, ta daɗe, Iya tana ta kira ruwa zai huce.

Gidan ya yi shiru kamar yadda na so. Tuwona yana zuwa a kan lokaci. Mai ɗakina ta samu barcin rana, amma sai ta daina yinsa. Takan zauna da jariri ta zuba wa ƙofar zaure ido. Idan ta dama kunu sai ta zuba a kofi biyu, ta tuna, ta mayar.

Aka yi arba'in, ba wanda ya ta da maganar. Ita ba za ta iya ba. Ni kuma duk lokacin da na je Ƙofar Kaura sai in tarar Yaya ta yi wa yarinyar kitso, ta sa mata kwalli, ta sayo mata ’yan kunne, fuskar Yaya kamar an ba ta duniya. In buɗe baki in rufe. Mai ɗakina ta koyi neman dalili. Yau za ta kai wa Yaya daddawa, gobe za ta tambayo maganin shawara. Ta goya jariri ta taka har can cikin rana, ta zauna, ta gaida kowa, ta saci kallon ɗiyarta, ta dawo.

Sai da yaron ya fara tafiya na yi ƙarfin hali na ɗauko yarinyar, na ce ta kwana biyu a gida. Ta ƙi cin abinci. Ta tsaya a bakin zaure tana kuka tana kiran Inna, kuma ba uwarta take nufi ba. Uwar ta miƙa mata hannu, a gaban kowa wannan karon, yarinyar ta noƙe ta ɓuya bayan keken ɗinki. Washegari mai ɗakina ta ce, “Malam, mai da ta. Kada ta yi ciwo.” Na mai da ita.

Yaya ta riƙe ta da amana, ba zan ci hakkinta ba. Ta yi mata tarbiyya, ta sa ta makaranta, ta aurar da ita. Yarinyar ta tashi tana kiran Yaya Inna, uwarta kuma Innar Ƙofar Kwaya. Tana zuwa gaishe ta da ladabi, ta durƙusa har ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa dangin uba. Mun sake haihuwa bayan nan, gida ya cika, mai ɗakina ta yi ta fama da goyo da yaye har ƙarfinta ya tafi. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi mata ba. Muka tsufa a haka.

Bayan rasuwar Yaya, ɗiyar tamu ta haihu tana da wani ƙarami a hannu, kamar yadda aka yi da ita. Mai ɗakina ta tafi yi mata wanka, da ciwon gwiwarta da komai. Ranar suna ina zaune a waje da maza, sai na ji wata daga dangin mijin tana cewa a ba ta babban ta tafi da shi, mai jego ta huta. Kafin kowa ya amsa na ji muryar mai ɗakina, da ƙarfi, har waje:

“Ba inda za shi. In wahala ce ni zan ɗauka. Ku bar mata abinta.”

Ban taɓa jin ta ɗaga murya a taro ba sai ranar.

Da ta dawo gida bayan arba'in, na same ta a ɗaki tana shafa man zafi a gwiwa. Na zauna a bakin gado. Na ce mata na ga abin da na gani a inuwar katanga, ranar da aka tafi barka. Na ce na sani, kuma da sanina na yi tambayar a tsakar gida. Na roƙe ta gafara.

Ta daɗe tana murza gwiwar. Tabon ƙunar nan yana nan a bayan hannunta.

Ta ce, “Na san ka gani. Na ji takunka.”



Ta ce, “Na yafe, Malam. Amma da ka tambaye ni a ɗaki.”

Ta miƙo mini kwalbar ta ce in rufe mata, hannunta da maiƙo.

Yanzu idona bai ganin ramin allura, keken yana zaure an lulluɓe shi da buhu. Abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan kaɗan ne. Idan ka ga matarka ta jigata tsakanin na goye da na hannu, ka ɗauki ɗaya ka riƙe mata, ka hura mata wutar, ka haƙura da tuwon rana. Idan kuma har maganar ba da ɗa ta taso, kada ka yi yadda na yi. Ka shiga ɗaki, ka saki labule, ka tambaye ta ku biyu, ka jira har ta amsa.