Abincin Tsoho da Muryar 'Yan Japan

Da na gama bautar ƙasa na dawo Toranke da jakata, ina cewa wata biyu zan yi in samu aiki a Kano in tafi. Wata biyu ina! Na tarar da kakana, wanda kowa a gidan yake kira Tsoho, ya kwanta. Idanunsa sun yi yana, hankalinsa ya tafi, 'ya'yansa ma ba ya gane su. Ummata tana fama da ƙafa, ƙannena suna makaranta, sai aka waiwayo aka ganni zaune ba miji ba aiki. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Aka dai nuna mini inda bokitin wankinsa yake.

Ni da Tsoho da can abokan wasa ne, irin wasan jika da kaka. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce na fasa auren tunda ango ba haƙora. Yanzu kuwa in na shiga ɗakin sai ya juya fuska bango. Abin yana ci mini rai, wallahi, har wani lokaci in ji haushinsa, in dawo in ji haushin kaina.

Abin da ya riƙe ni a watannin nan waya ce. Tun a jami'a na kamu da son katun ɗin Japan, kuma ina cikin wani guruf na masu kallonsa, yawanci 'yan Kano da Kaduna, har da 'yan wasu ƙasashe. In na kai waya caji shagon bakin hanya na karɓo, sai in zauna a ƙofar ɗakin Tsoho in toshe kunne da iyafis, in bar Toranke gaba ɗaya. Wannan ce kaɗai ƙofar da nake da ita.

A lokacin rigima ta ɓarke a guruf kan wani sabon katun. Jaruman cikinsa sojoji ne masu kaki, a bayansu farar tuta mai jar rana da haskenta ya bazu ta ko'ina. Wata yarinya daga can gabashin duniya ta ce wannan tutar ce aka shiga ƙasarsu da ita aka yi wa kakanninta abin da ba ya faɗuwa, ita ba za ta kalla ba. Wani ɗan birni a cikinmu, mai bakin tsiya, ya ce zane ne kawai, kuma mu ina ruwanmu? Japan ba ta taɓa mulkarmu ba, Turawa ne suka mulke mu, shi har daɗi yake ji da aka samu waɗanda suka gasa wa Turawan aya a hannu. Aka yi ta yi, kullum sai na tarar da saƙonni jibge. Ni dai ina karantawa ina dariya, don a ganina faɗan wasu ne.

Na san Tsoho ya je yaƙin Boma, kowa a gidan ya sani, kamar yadda aka san yana da tabo a cinya. An ce yana saurayi aka zo neman mutane wa Turawa, mai garin wancan zamani ya nuna shi, aka tafi da shi daga gona. Bai taɓa ba mu labari ba. Ni kuma, ga karatun jami'a, ban taɓa haɗa Boma da katun ɗina ba, alhali da sojojin Japan aka gwabza a can.

Damuwar gidan a lokacin ita ce Tsoho ya daina cin abinci. Koko, kunu, fura, duk abin da na kai bakinsa sai ya damƙe leɓe. Ya rame har ina iya juya shi da hannu ɗaya. Baffana, wan babana da yake sayar da hatsi a Gaya, shi yake ɗauke da maganinsa, kuma duk zuwansa ni yake tuhuma, kamar ni nake cinye abincin.

Wata rana da hantsi iyafis ɗina ya mutu. Na ajiye kwanon koko da ƙosai a gefen tabarmarsa, na gaji da lallashi, na kunna katun a fili. Aka zo wurin da wani kwamanda yake daka wa sojojinsa tsawa da yaren Japan. Sai na ji motsi a bayana. Mutumin da ya yi makonni bai tashi da kansa ba, ga shi zaune, kunne a sama.

"Kwanta!" ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya kamo wuyana ya danna kaina ƙasa. "Suna kusa. Kar ka yi tari."

Ya lalubo kwanon ya kafa kai ya shanye kokon tas, ya tura ƙosai a baki yana haɗiya ba tauna. Rabin na ƙarshe ya tura cikin hularsa. Ya ce na abokinsa ne da yake gadi, bai ci ba tun jiya.  Da na kashe wayar ya koma ya kwanta. Tabarmar ta jiƙe, fitsari ya kufce masa don tsoro.

Na yi wautar gaya wa Baffa. Ya yi hamdala ya ƙara, har da saya mini data, shi da yake cewa katun aikin marasa aikin yi ne.

"Ki dinga kunna masa safe da yamma," ya ce.

Na ce, "Baffa, tsoro fa yake ji. Ji yake yana cikin dajin Boma."

"Yana ci ko ba ya ci?"

"Yana ci."

"To me kike so? Ki bar shi ya mutu da yunwa a hannunki?"

Baffa ba mugu ba ne, ubansa yake so ya rayu, kuma kwano a wanke yake tararwa in ya zo. Tabarmar ni nake wanke ta.

Haka muka shiga. Safe da yamma ina mai da Tsoho Boma da hannuna. In kunna, ya zabura, ya danne ni, ya ci. Kumatunsa suka ɗan ciko, maƙwabta suna shigowa suna sa mini albarka, ni kuma albarkar tana tsaya mini a wuya. A cikin tsoron nan na ji abin da bai taɓa faɗa ba: ruwan sama da ba ya ɗaukewa, matsattsaku a cikin takalmi, kayan Bature da ya ɗauka a ka yana hawan tsauni, da wani yaro ɗan Japan da ya gani a bakin rafi, wanda ya ce gemu ma bai fito masa ba. Bai ƙarasa labarin yaron ba, ni ma ban so ya ƙarasa.

Katun ɗin da nake so ya zame mini kamar maganin ɗaci.  A guruf kuma ana nan ana yi. Ɗan birnin nan ya kira ni kai tsaye, wai 'yar ƙauye ta yi shiru, wane ɓangare nake? Na rubuta masa cewa kakana ya yi yaƙi da masu tutar nan. Na tsaya na duba, na san abin da zai ce: ai Turawa ya yi wa, waɗanda suka ci ƙasarsa. Kuma gaskiya ne. Su ma waɗanda ya yaƙa ƙasar wasu suka ci. Yarinyar can tana da wanda za ta nuna da yatsa, ɗan birni yana da wanda zai yi wa tafi, ni kuma tsoho gare ni da aka ɗauko daga gona aka kai shi ya kashe ko a kashe shi, a dajin da ba nasa ba. Na goge abin da na rubuta.

Da kaka ta yi aka fara yankan gero, wata safiya na kunna masa kamar kullum. Ya ci rabi ya tsaya, ya kamo hannuna, a hankali wannan karon.

"Saje," ya ce mini, "yaushe za a mai da mu gida? Na baro gerona bai isa yanka ba. Inna ita kaɗai ce."

Hawaye ne suke bin ramukan fuskarsa. Haba, ni ma mutum ce. Na kashe wayar, na fita tsakar gida inda aka jingine damin farko, na zaro zangarniya ɗaya na sa masa a tafin hannu.

"An kawo ka, Tsoho. Toranke kake. Ga geronka, an yanka."

Ya shafa ta daga gindi har kai, ya murza ƙwayar da babban yatsa, ya kai hanci. Ya daɗe. Sannan ya juyo fuskarsa wajena.

"Amarya, ke ce?"

Na ce ni ce, ango marar haƙora. Ya yi 'yar dariya. Na miƙa masa sauran kokon, ya ture kwanon da bayan hannu, ba faɗa.

"Tunda an iso gida, bari in huta."

Da yamma na shiga da kwano a hannu ɗaya, waya a ɗaya, na tsaya a bakin ƙofa har kokon ya huce. Ban kunna ba. Na kira Baffa na gaya masa ba zan ƙara ba, in yana so ya zo ya kunna da kansa. Washegari ya zo a fusace, ya karɓi wayar ya shiga ɗakin. Ya tarar da ubansa kwance rungume da zangarniyar gero. Ya jima a ciki, ban ji sautin komai ba. Ya fito ya miƙo mini wayar bai dube ni ba.

Ruwa kaɗai Tsoho ya ƙara karɓa. Ya rasu kafin a gama kai gero rumbu. Har yau ni da Baffa ba mu taɓa tayar da maganar ba, kuma har yau ban sani ba ko gida na kawo shi ko kwanansa na rage. Da na zo wanke kayansa na zazzage hular, rabin ƙosai ya faɗo, ya bushe ƙamas. Na abokinsa ne mai gadi.