Ranar da Baba ya fita shela babu ganga

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, akwai rana guda da na san ba zai iya ɗauka ba, ita ce ranar da mahaifina ya fita shela ya bar gangarsa a rataye. Yanzu ina koyarwa a Gwandu, kuma ni mace ce mai shegen son labarai, rediyo ba ya barin gefen murhuna. Yaƙin da ake yi a wata uwa duniya, tsadar mai, wa ya sauya sheƙa, duk sai na tsoma baki, har maigidana kan ce da ma takara na tsaya kowa ya huta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne idan wani babban mutum ya mutu. Sai ka buɗe waya ka ga tun ba a kai shi makwancinsa ba wasu na tsine masa, wasu na murna, don kawai ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Duk sa'ad da na ga haka sai ranar nan ta faɗo mini a rai.

A wani ƙauye na yankin Kalgo aka haife ni, kuma Baba shi ne mai shelar garin. Gado ne, daga kakansa. Akwai 'yar ganga da ke tafe da aikin, ta mai gari ce amma a gidanmu take kwana. In Baba ya buga ta ya ce mai gari na gaishe ku, to magana ta zama ta gari, ba ta wani mutum ɗaya ba. Gayya, rigakafi, ɓatan saniya, rasuwa, duk ta bakinsa ake ji. Wayyo, yadda mutumin nan ke ji da gangar nan! Inna kan ce ko mu 'ya'yansa ba ma samun shafar man da take samu.

A garin akwai wani dattijo, asalinsa mutumin Gwandu, tsohon malamin makaranta da ya taɓa zama ɗan majalisa. Da ya faɗi zaɓe sai ya dawo garin kakanninsa na wajen uwa ya zauna. Bakinsa bai taɓa mutuwa ba. Kullum yana gidan rediyo yana caccakar masu mulki, su kuma sun tsane shi kamar ciwon haƙori. Baba kuwa ɗan a-mutun jam'iyya mai mulki ne. Kowace la'asar sai sun haɗu a gindin tsamiya sun yi ta cacar baki har jijiyar wuya ta tashi, sannan a kawo fura su sha a ƙwarya ɗaya. Ina yarinya na ɗauka maƙiya ne.

Dattijon nan ya rasu da hantsi, lokacin noman rani, zaɓe saura kaɗan. A makon ne ake rabon injin ban-ruwa da taki ta hannun wani jigon jam'iyya, kuma wanda ya san shinkafar fadama ya san injin nan shi ne abincin shekara. Tun gawa ba ta huce ba jigon nan ya baza yaransa suna raɗa wa mutane cewa ana kallon duk wanda zai taka ƙofar gidan. Tsoronsa kada taron jana'iza ya zama taron 'yan adawa. Mai gari ya ji haka, sai tafiyar gaggawa ta kama shi. Ladan kuma ya ce batirin lasifikar masallaci ya mutu, batirin da aka kira sallar asuba da shi garau. Labari ya kai fadama ta waya, kowa ya ji, amma kowa ya duƙa kan aikinsa yana jiran wani ya fara tasowa.

Ina tsakar gida ina tankaɗe sai ga yayar mamacin ta shigo, tsohuwa tukuf, tana dogara sanda. Ko zama ba ta yi ba. Ta dubi Baba ta ce, "Malam, an gama wanka. 'Yan'uwanmu na Gwandu suna bisa hanya. Ba kowa ƙofar gida sai ɗiyanai da maƙwabci guda, kuma ba a sara ƙasar kabari ba. Haka za su iske shi, kamar wanda bai zauna da mutane ba?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi gangarsa. Inna ta aje muciya ta ce, "Malam, mai gari bai ba ka izini ba. Ka san in ka hita, gangar nan ta bar gidanga."

"Na sani," in ji shi.

"Abin da kakanka ya bar maka?"

"Shi ma kakan nawa mutane suka rufe shi, ba ganga ba."

Ya tashi ya nufi inda take rataye, ya ɗora hannu a kanta, ya daɗe a haka. Wallahi na zaci ɗauka zai yi. Sai ya juyo ya ce da ni, "Ɗiyata, wagga ta mai gari ce, ba ni buga ta bisa ƙarya. Miƙo min ruwa in jiƙa maƙoshi." Ya sha, ya gyara hularsa, ya fita hannu biyu babu komai.

Ni da Inna muka ɗauki tulun ruwa muka bi tsohuwar zuwa gidan rasuwa, wanda ke bakin gari, daidai hanyar fadama. Muna tafe muka ji muryar Baba ta tashi daga bakin kasuwa. Tun da nake ban taɓa jin ta haka ba, babu ganga a gabanta, tsirara.

"Jama'a, ku saurara! Yau ba mai gari ya aiko ni ba, ni na aiko kaina!" Ya ambaci sunan mamacin, ya yi masa addu'a, sannan ya ci gaba. "Kun san ban taɓa jefa mishi ƙuri'a ba, kuma da shina raye ba ni jefa mishi! Amma wanga mutum ya koya ma ɗiyanmu karatu, ya tsaya sahu bisa gawar iyayenmu. Ana biɗar masu gina kabari. Sallah bayan azahar. Wanda ya ji ya shaida ma wanda bai ji ba!"

Ya bi unguwa-unguwa yana maimaitawa, sannan ya gangara fadama da ƙafa, cikin rana, mutum mai furfura. Daga zauren gidan rasuwa muna jin ƙarar injina tana tashi kamar kullum, tut-tut-tut, ba abin da ya sauya. Na ce shi ke nan, Baba ya yi asarar gadonsa a banza, kuma za a mayar da shi abin dariya. Matar mamacin na kuka a hankali cikin ɗaki, tsohuwar nan na jan carbi.

Can sai na ji kamar ƙarar ta ragu. Na kasa kunne. Injin ɗaya ya mutu, wani ya bi shi, sai wani. Kafin a jima fadamar nan ta yi tsit, har kukan tsuntsaye kana ji. Na leƙa ta ƙofar zaure, sai ga su suna haurowa, taɓo har gwiwa, wasu da diga, wasu da shebur, hular jam'iyya mai mulki a kan da yawa daga cikinsu. Masunta suka baro jiragensu a bakin gulbi. Fulanin rugar gabas suka zo da sandunansu a kafaɗa. Baba na tsakiyarsu, murya ta dushe, sai hannu yake ɗagawa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, na ji kamar in hau katanga in ce wannan ubana ne.

Da motocin Gwandu suka iso sai da suka tsaya nesa, babu hanyar wucewa. Limamin garin, wanda shi ma aka ce ba ya jin daɗi, ya fito da ƙafarsa ya ja sallah. Batirin ladan ma ya farfaɗo, ikon Allah! Yayana ya ce mini ko jigon nan an gan shi a sahun baya, ya ja rawani ya rufe rabin fuska.

Bayan sadakar uku ɗan aiken mai gari ya zo karɓar ganga. Baba bai yi musu ba. Ya sauke ta, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙa, ya ce a riƙa shafa mata mai kada fatar ta tsage. Da mutumin ya fita sai ya shiga ɗaki, bai ci abincin rana ba. Abin ya yi masa ciwo, ba zan ɓoye ba, kuma injin ma ba mu samu ba, a shekarar da guga muka yi ban-ruwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ranar zaɓe ya wanke rigarsa ya je ya dangwala wa jam'iyyarsa. Na ce, "Baba, bayan abin da suka yi maka?" Ya ce, "Ra'ayina daban, gawa daban. Ke dai ba ki da wayo."

Shekaru sun shuɗe, har ranar da Baba shi ma ya cika, da safe, a ɗakin nan nasa. Muna zaune cikin kuka, ba a ko aika wa sabon mai shela ba, sai muka ji wata murya daga bakin kasuwa, babu ganga. Babban ɗan dattijon nan ne da Baba ya yi wa shela, ya ji labari ta waya ya taso daga Kalgo inda yake aiki, ya aje motarsa ya bi gari da ƙafa. "Jama'a, ba wanda ya aiko ni!" Inna ta ɗago kai, ta saurara, ta rufe fuska da mayafi. Ba a daɗe ba muka ji fadama ta yi tsit.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa ɗalibaina duk lokacin da na ji suna zagin mamaci saboda siyasa. Ka yi gardama da mutum iya ƙarfinka, ka ƙi shi a akwatin zaɓe, haƙƙinka ne. Amma ranar da ya kwanta, ka kashe injinka ka zo ka ɗauki diga. Gangar nan har yau ba ta dawo gidanmu ba, ni kuwa a duk inda na shiga ɗiyar mai shela nake ce wa kaina.