Ruwan da Baba Ya Cika wa Motar Gida

Ranar Asabar ta farko a watan Oktoba, shekarar da na cika sha biyu, Baba ya shigo layinmu na Glenwood da motar gida, wato mota mai ɗakin kwana a cikinta, yana ta danna hon. Mama ta fito da ludayi a hannu, ni da ƙanwata Binta muka biyo ta ba takalmi. Tsohuwar mota ce, fentinta ya koɗe, amma irin wadda muke so ce, mai gado a saman kan direba.

Shekararmu biyu ke nan da zuwa wannan ƙasar Turawa daga gida. Duk Lahadi, in Baba ya huta daga aikin sito a Wendover, yakan kai mu wani fili da ake sayar da irin waɗannan motoci, mu tsaya bayan shingen waya muna kallo. Akwai manya kamar doguwar bas, akwai ƙanana kamar hayis, akwai tirela da ake ja da a-kori-kura, sai wata da ke kwance kamar akwati, in an murɗa ta sai ta miƙe ta zama tanti. Ni da Binta mukan raba su tsakaninmu har mu yi faɗa a kan motar da ba tamu ba. Baba yakan ce, "Ku bar babbar nan, ko a ƙofar gidanmu ba za ta iya juyawa ba." Burinsa ɗaya ne, in zafi ya dawo ya kai mu bakin teku a cikin ɗakinmu na kanmu, don shi bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi.

Wani tsoho a Pleasant Garden ne ya sayar masa, ya haɗa masa da ɗan littafin motar. Baba ba ya karanta Turanci, sai ya miƙo mini. "Sani, kai ne ɗan bokonmu. Me suka ce?" Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne, ni ma ban iya ba. A makaranta bayan aji nake zama, haruffa suna yi mini yawo kamar tururuwa, malamai suna ɗauka baƙunta ce. Na bi shafukan da yatsa, na ce, "Sun ce a riƙa duba mai da taya." Ya shafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka.

Da sanyi ya gabato, Baba ya ajiye motar a bayan gida, muka share ta, Mama ta ɗinka mata labule. Sannan ya sa na riƙe tiyo, ya cika tankin ruwanta fal. A garinsu ba a rufe ɗaki a bar randa a bushe, kuma a wurinsa motar ɗaki ce. Sanyin Janairu ya daskarar da ruwan, bututun da ke ƙarƙashin daɓen motar ya fashe, da ƙanƙarar ta narke ta jiƙa katako a ɓoye har wata biyu. Ranar da muka buɗe ƙofar, wari ya buge mu, ƙafar Binta ta nutse a daɓen.

Makanikin da ya zo ya buɗe littafin, ya nuna wa Baba shafin da aka ce a zubar da ruwa kafin sanyi. Ya ce gyaran ya fi ƙarfin motar. Na tsaya ina jiran mari. Baba bai ko kalle ni ba. Ya ce wa Mama, "Ni na cika ruwan da hannuna." Amma daga ranar bai sake miƙo mini takarda ba, wasiƙunsa wurin wani abokin aikinsa yake kai su. Motar ta shekara huɗu a bayan gida, ciyawa ta cinye tayoyinta, kafin aka zo aka ja ta.

Yanzu na haura arba'in, ina zuwa ajin manya duk safiyar Asabar, ina haɗa baƙi a hankali, ba mai yi mini dariya. A da ina da uba ban iya karatu ba, yau ina iya karanta sunansa a kan kabarinsa. Ya rasu ban faɗa masa gaskiya ba, shi ma bai taɓa tambayata ba.