Gugan Baba Gaji a Saman Ƙofa

Ranar da Sarkin Magina na Gure ya fara sakar mini bango ni kaɗai ba za ta taɓa fita raina ba. Wajen 1935 ne, da rani. Shekara tara ina cuɗa ƙasa ina miƙa tubali, sai ga shi ya ce in je in yi wa zauren Baba Gaji ado. Don murna ko fura ban tsaya sha ba. A ƙa'idarmu, wanda aka ba adon farko, in Sarki ya gani ya yaba ya zama magini, in ya yi tsaki sai ya koma cuɗa ƙasa.

Baba Gaji tsohon falke ne, ya daɗe yana kai gishirin mangul Kano. Ya shimfiɗa tabarma ya zube mini kayansa: takobi, sirdin raƙumi, butar tagulla, da wani tsohon guga da ya sha faci har ba a gane asalin fatarsa.

"Ɗana, duka nake so a bangon," in ji shi.

Da ɗanyar laka ake adon bango, a ɗora, a fitar da siffa da hannu kafin rana ta busar da ita. Na duƙufa tun da sassafe ina 'yar waƙata. Takobi ya fito, sirdi ya fito, buta kamar ka ɗauka ka yi alwala, ga zanen dagi na zuba a saman ƙofa. Guga kuwa da gangan na bar shi. Ni a wautata, ina attajiri ina guga?

Da azahar tsohon ya fito, ya duba sama ya duba ƙasa.

"Aiki ya yi kyau. Amma gidan wa ne?"

"Naka mana, Baba."

"A'a. Mai wannan gida da takobi aka haife shi. Ni da gugan nan muka shekara bakwai muna shayar da raƙuman mutane a Gidigir, ni da wana. Shi wan nawa bai rayu ya ga raƙumin farko da na saya ba."

Da la'asar Sarki zai iso, ga laka ta fara ƙamewa. Na haye tsani, na ɓare dagin nan da nake taƙama da shi, na ɗora guga a gurbinsa, har facinsa ɗaya bayan ɗaya. Baba Gaji na ƙasa sai ɗaga murya yake: "Ƙara na hagun! Wana ne ya ɗinka shi!"

Sarki ya iso ya daɗe yana kallo.

"Wa ya koya maka sa guga a bango?"

"Mai gidan ne, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, ya ce in shirya, akwai zaure yana jirana a Kelle.

Ku da kuke koyo yanzu, in mutum ya zube muku kayansa, ku fara tambayar labarin wanda ya fi tsufa da muni. Sau da yawa saboda shi aka kira ku.