Bakin da Kawu Ya Kawo Daga Teku

Shekarar da ciwon shanu ya share garken Fulanin da ke zaune bayan garinmu, gabas da Kona, ita ce shekarar da Kawu Maigoro ya dawo. Gero ya fid da kai, jan-baki sun taso, ni da ƙanena Tanko muna bisa rumfar tsaron tsuntsu muna jan igiyar da aka rataya wa sakaina, sai ga mutum ya ratso gona da jar hula da riga mai maɓallan ƙarfe, yana taka waken Inna ko ƙasa bai duba ba. Tun daga wannan takun na ƙi shi. Ƙanen Inna ne. Ya bi fatake Gwanja tun ban san kaina ba, daga can ya zarce bakin teku ya yi wa Nasara dako. Goron da ake kiransa da shi ko ƙwaya bai kawo ba. Abin da ya kawo baki ne, bakin Ingilishi.

Hauya ba ta taɓa shiga hannunsa ba. Da hantsi sai ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin aduwar bakin gonarmu, ya gasa tumu, ƙamshi ya jawo masa yaran da aka aiko tsaro, ya kama yi musu tatsuniya, da rana tsaka, abin da ko mahaukaci ba ya yi. Gwani ne, wannan ba zan hana masa ba. Zai ɗauko labari da Hausa, in kura ta buɗe baki sai ta yi Ingilishi. Ya sa wannan ya zama kura, wancan jaki, su yi ta maimaitawa suna rarrafe cikin rairayi, dariya har da hawaye. Kafin gero ya nuna, yaran da ba su iya ɗaure wando ba sun iya kiran ruwa da wuta da itace da bakin mutanen da ba su taɓa gani ba. Tanko ya fi kowa. Kansa kamar sabuwar randa, abin da aka zuba duk ya shanye.

Ni ba a kira ni ba, mace ce. Ina bisa rumfa ni kaɗai da majajjawa, ina aikin mutum biyu, kunnena kuwa yana gindin aduwa. Can na lura da abin da babu wanda ya lura. A tatsuniyoyin kakarmu ƙaramin dabba shi ke yi wa babba wayo ya tsira. A na Kawu ba haka ba ne. Kura ta ce “kam hiya,” jaki ya zo da gudu. Ta ɗora masa kaya, ya ce “yassa,” a ba shi gishiri ya lasa, labari ya ƙare. Kullum haka. Ba baki yake koya musu ba, horo yake yi musu, irin wanda ake yi wa ɗan jaki kafin a sa masa mangala.

Na sami Inna tana sussuka na faɗa mata. Ko taɓarya ba ta aje ba ta ce, “Ke Kande, kama bakinki. Yaushe aka haife ki da za ki auna mini ƙane?” Na sami Tanko, ya kwashe da dariya ya ce, “Yaya, haushi kike ji don ke ba ki iya ba.” Washegari na ɗora dutse a majajjawa na auna jar hular nan. Na sami kunnen Kawu. Baba ya zane ni da tsumagiyar kalgo gaban mutane, Kawu kuwa, da jini a wuyan riga, shi ne mai cewa, “Bar ta, yaya, yarinta ce.” Wannan haƙurin nasa shi ya gama saye masa gidan.

Da aka kai hatsi rumbu, ayari ya biyo ta garinmu zai yi kudu. Kawu ya roƙi aron Tanko, wai rani ɗaya, ya ga duniya ya dawo da tufafi. Baba ya ba shi. Na bi su har rijiyar bayan gari ina riƙe da hannun yaron, ina ce masa ya yi ƙarya ya ce cikinsa ke ciwo. Kawu ya waiwayo ya daka masa kira da wancan bakin, Tanko ya zame hannunsa ya ruga. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Duk fataken da na tara da tambaya, babu wanda ya san su.

Da Nasara suka iso ƙasarmu ta Tasawa kuwa, ashe Faransai ne, bakinsu daban. Yaran da suka rage, ɗan Ingilishinsu bai fisshe su daga aikin tilas ko na yini ɗaya ba. Yanzu jikokina na zuwa lakwal, makarantar Nasara, su dawo suna rera mini labarin dila da hankaka da Faransanci, uwayensu na murna. Ni dai nakan zauna in zuba musu ido, ba na dariya. In Tanko na raye, yanzu furfura ta rufe shi. Ban san da wane baki yake tuna ni ba.